Na Inna Mai Zaƙi, Na Anti Mai Ɗaci

Shafi na 12

Salamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Masu cewa shafin jiya ya yi gajarta, na ji ku. Saboda waɗanda suka shigo a makare, bari mu ɗan yi bita kafin mu ci gaba.

Mutmainna 'yar shekara takwas ce, tana aji uku a wata firamare a Jibiya. Ba ta iya zama wuri ɗaya, ba ta jira a gama tambaya, takalminta ɗaya a aji, ɗaya a bakin famfo. Malamar ajinsu, Malama Prisila, ita ta lallaɓi iyayen har aka kai ta asibiti a Katsina. Likita ya ce ba rashin tarbiyya ba ne, ba kuma iska ba ce, larura ce ta rashin natsuwa da yawan motsi, wadda suke kira ADHD. Maganin farko ya zaunar da ita ta yi karatu, amma ya ɗauke mata ci da barci har ta rame. Kakarta Inna Fati, wadda ke riƙonta tun yaye, ta juye ƙwayoyin a masai, ta ce ita da asibiti an gama. Uban yarinyar, Rabe, direban babbar mota ne, yana hanya. Yanzu kwana goma ke nan Mutmainna ta yi laƙwas, kowa na murna, ban da mutum ɗaya.

*

Ranar Alhamis, ana tsakiyar darasin lissafi, Malama Prisila ta saki dasta da gangan.

Ya faɗi, garin alli ya tashi.

Ta jira.

A da, kafin dasta ya kai ƙasa Mutmainna ta tsallake benci biyu ta cafe shi, ta goge allon har da abin da ba a gama kwafa ba. Yau wata yarinya ce ta taso daga can baya ta miƙo. Mutmainna tana gaba, inda Malama ta ajiye ta tun farkon zango, ta tallafe haɓa, ido ya yi mata nauyi kamar wadda ta kwana a gidan biki.

Malama ta ɗauki littafin Mutmainna ta buɗe tun daga farko. Yarinya ɗaya ce, amma rubutu iri uku. Na farkon zango layi biyu ne, sauran shafin duk zanen motocin ubanta. Na lokacin maganin asibiti ya cika shafi tsaf, har da ja-layi. Na kwanakin nan kuwa, kowane layi yakan fara daidai, sai ya riƙa gangarowa ƙasa, ya ƙare da wani dogon zare inda fensir ya sulale.

Hedimasta ya leƙo ta taga yana murmushi.

"Malama, kin ga ikon Allah? 'Yar taki ta natsu. Kwana goma ba a kawo mini ƙararta ba."

"Ta daina motsi dai, ranka ya daɗe. Ban tabbatar ta fara ji ba."

"Ke dai ba a iya miki. Ta yi tsalle ki ce asibiti, ta zauna ki ce da magana."

Ya wuce. Ita kuwa tambayar ta zauna mata. Shekararta goma sha ɗaya tana koyarwa a garin nan, ba ta taɓa ganin larura ta tafi don an zubar da maganinta ba.

Da aka fita tara ta sami Mutmainna a gindin darbejiya, ta jingina, ledar awara a hannu ta cinye tas. Kumatun da suka zube watan jiya sun dawo, har sun ɗara.

Malama ta tsuguna kusa da ita.

"Mutmainna."

"Na'am, Malama."

"Barci kike ji?"

"Kaina ne ya yi nauyi."

"Tun yaushe?"

"Tun... ban sani ba."

"Kina shan wani abu a gida? Ba faɗa zan yi ba, so nake in sani kawai."

Yarinyar ta dubi ledar. Ta juya ta, ta sake juyawa.

"An ce kar in faɗa."

"Wa ya ce?"

"Su duka."

Malama ta gyara tsuguno.

"Su duka su wa?"

"Na Inna mai zaƙi ne, a cokali. Na Anti mai ɗaci ne, ɗan mitsitsi. Inna ta ce kar Anti ta ji. Anti ta ce kar Inna ta ji." Ta yi hamma. "Ke ba su ce ba."

Anti ita ce Salmatu, uwar da ta haife ta. Haka take kiranta tun da ta fara magana.

Malama ta yagi takarda ta rubuta da manyan baƙi: KADA A BA TA KOMAI YAU SAI NA ZO. Ta ninke, ta saka a aljihun jakar yarinyar.

"Kina shiga gida ki ba Anti. Me na ce?"

"In ba Anti."

Malama ta so ta bi ta da an tashi, sai Hedimasta ya riƙe malamai da taron jarrabawa. Ba ta samu kanta ba sai wajen ƙarfe uku.

*

Ɗan acaɓa ya ratsa da ita ta tsakanin motocin hatsi da ke layin fita Magama ta bakin iyaka, ya sauke ta a bakin lungun. Rana ta ƙwalle, ko kaji sun shige ƙarƙashin rumfa.

Ta yi sallama.

Inna Fati na zaune a inuwar rumfa, ta baza busasshen tattasai a tabarma tana ƙullawa a leda. Sana'arta ke nan, takan kai Ɗan Isa can ƙetare a Nijar, inda ƙanwarta ke aure.

"Maraba da Malama. Mi ya fito da ke cikin ranar ga? Ko ƙawar tawa ta sake fasa wani abu?"

"Ko ɗaya, Inna. Ina wuni? Ya zafi?"

"Zafi lokacinshi ne. Zauna nan, can akwai yaji."

Suka gaisa har gida da aiki. Daga madafi ana jin ƙarar wanke-wanke. Salmatu ta leƙo, ta rusuna ta gaida Malama, ta koma.

"Mutmainna tana ina?" in ji Malama.

"Tana ɗaki tana hutawa. Kin taɓa jin haka? Ƙawata da barcin rana." Inna ta yi dariya. "Da can sai dai in ji ta a kan katanga tana hira da awakin maƙwabta."

"Abin da ya kawo ni ke nan. Duk makaranta ana mamaki. Na ce bari in zo in tambayi mai ita, ko akwai abin da zan koya."

Inna ta ɗaga kai ta dube ta. Ta dubi ƙofar madafi. Sannan ta ci gaba da ƙulla tattasai, amma bakinta ya ƙi rufuwa don murmushi.

"Ku 'yan boko ba ku koyo wurin tsohuwa."

"Ni ina koyo. Wa ya koya mini dambun zogale?"

"Shi ma ba ki iya ba har yau."

"To kin gani, da saura."

Inna ta kakkaɓe hannu a zane, ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa. Ta shiga ɗaki a hankali, ta fito da wani abu a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Ta zauna ta ba madafi baya kafin ta kwance.

Kwalba ce ruwan ƙasa, an sha fiye da rabi. Rubutun jikinta duk Faransanci.

"Siro ne, maganin ruwa," in ji Inna, murya ƙasa-ƙasa. "Sa'ad da na je suna Ɗan Isa na kwana biyu, na tsaya wurin wani mai magani a kasuwa. Na ce mishi ina da ɗiya, likitocinku sun tsotse ta, ta koma kamar sillen kara. Ya ce wanga shi ke buɗe ciki. Na ce kawo."

"Ya tambayi shekarunta?"

"Ya tambayi ko tana da ciwon ciki, na ce a'a."

"Sai kika fara ba ta."

"Cokali guda da safe. Malama, kwana biyu ɗiyar nan ta share kwanon tuwo ta nemi ƙari. Abin da ban zata ba, sai ga shi ya yi aiki biyu. Ga ci, ga natsuwa. Abin da likitan Katsina ya kasa da takardunshi."

Malama ta karɓi kwalbar tana juyawa. Ba ta jin Faransanci, sai 'yan kalmomin da take tsinta a bakin direbobi. Ta ga zanen cokali, ta ga lambobi, ta ga wani ɗan zanen mota a cikin alama mai kusurwa uku.

"Wannan motar fa?"

"Ina tsammani alamar kamfani ce."

"Me ya sa ba ki gaya wa Salmatu ba?"

Inna ta taɓe baki.

"In gaya mata don mi? Ɗiyata ce, ni aka ba. Kuma tana ji, waya ce za ta kai ma Rabe, shi kuma ya ce a tambayi likita. Likita ya ce a zubar."

"Ki bar ni in ɗauki hotonta? Ƙanwata Rebeka nas ce a Katsina, ɓangaren yara. So nake in ji sunansa da Hausa."

"Ɗauka. Ki ce mata in tana so in sayo mata."

Malama ta ɗauki hoto gaba da baya. Da ta zo aikawa, sai ta ga wayar ta yi halinta na unguwar nan, ta saki layin gida ta kama na Nijar.

"Je ki bakin madafi, wajen turmi," in ji Inna. "Nan Najeriya take."

*

A bakin turmi layin ya dawo. Hoton ya tafi.

Salmatu na tsugune a ciki tana ɗauraye kwanoni. Ta miƙo wa Malama kofin ruwan randa ba tare da ta ɗago ba.

Malama ta sha, ta tsuguna a bakin ƙofa yadda Inna ba za ta ga bakinta ba.

"Salmatu, takardar da na aiko ta iso?"

"Wace takarda?"

Malama ta waiwaya. Jakar Mutmainna na rataye a ƙusa jikin rumfa, zif a rufe. Ta ji kunyar kanta. Duk ajin nan, ta rasa wanda za ta ba saƙo sai yarinyar da saƙo ke zube mata tsakanin ƙofar aji da bakin get.

"Bar ta. Ɗan mitsitsin nan mai ɗaci, daga ina?"

Kwanon da ke hannun Salmatu ya tsaya cak.

"Ta faɗa miki."

"Ni ba a hana ta faɗa wa ba."

Salmatu ta ajiye kwanon. Can ta tsame hannu ta goge, ta jawo wata tsohuwar samira daga bayan buhun gero. A ciki akwai farar ledar asibiti da takarda a ninke huɗu.

"Ranar da Inna ta tafi suna," ta ce a hankali, "na kira babansu. Na ce yarinyar nan ta koma yadda take, jiya ta kusa shiga gaban mota a titin Magama tana bin balan-balan. Ya ce in kai ta, kar in bari Inna ta sani sai ya dawo. Muka yi sammako, kafin la'asar mun dawo."

"Likita ya yi faɗa an zubar da na farko?"

"Bai yi ba. Ya ce da mun koma tun lokacin, da an gyara. Wai ba magani ɗaya ba ne, kuma ba kowane yaro ne na farkon ke karɓa ba."

"Me da me ya ce akwai?"

Salmatu ta ɗan saki jiki. Ta yi sakandare kafin aure, kuma Malama ta lura tana riƙe magana yadda aka faɗe ta.

"Ya ce ko a koma na farkon a rage shi, a riƙa bayarwa bayan ta ci abinci. Na ce Inna ta san kamarsa, ba zai kwana a gidan nan ba. Ya ce akwai wani da ba ya zaburarwa kamar wancan, amma sai an yi makonni ana sha kafin a ga aikinsa, kuma shi ma yakan taɓa cin abinci. Sai na uku, wannan. Wai asalinsa na hawan jini ne, aka gano yana rage wa irin waɗannan yara gaggawa da yawan motsi. Yana sa barci a farko. Tunda barci na cikin abin da ta rasa, ya ce mu gwada shi, rabi da dare."

"Shi ke nan?"

"Ya ce magani rabin aiki ne. Sauran a gida da makaranta. Saƙo ɗaya-ɗaya, lokacin barci ɗaya, a yaba mata in ta yi daidai. Na ce malamarsu tana yi. Ya ce a gaishe ki."

"Ina amsawa. Ya tambaye ki ko tana shan wani abu?"

"Sau biyu. Na ce babu. Ya ce ko maganin tari kada a ba ta sai an tambaye shi."

"Yaya kike ba ta, tana kwana ɗakin Inna?"

"In an ci tuwo ita ke kawo kwanoni."

Malama ta dube ta. Tambayar da ta daɗe tana cinta ta fito.

"Salmatu, ki yi haƙuri, ni baƙuwa ce har yanzu a wasu abubuwa. Ke kika haife ta. Me zai hana ki zauna da Inna ki ce ga abin da likita ya ce?"

Salmatu ta yi ɗan murmushi, irin na wadda aka tambaya me ya sa ruwa ke jiƙa.

"'Yar fari ce, Malama."

"Na sani."

"To ina ni ina maganarta a gaban Inna? Ko sunanta ban taɓa kamawa ba. Ranar da aka yaye ta Inna ta goya ta, shi ke nan. In na ce yarinyar nan ba ta da lafiya, ce mini za a yi marar kunya, ta nuna ta san zafin ɗa. Ƙannenta biyu, su nawa ne. Ita ta Inna ce."

"Amma kin kai ta Katsina."

"A ɓoye ai ba rashin kunya ba ne." Ta sunkuyar da kai. "Kuma kin gani, ya yi aiki. Ta natsu, tana ci. Inna sai cewa take addu'arta ce. Ni dai na yi shiru."

Malama ta buɗe baki, sai wayar ta yi ƙara.

"Yaya, kin bar koyarwa kin koma kemis ne?" Muryar Rebeka ce, da hayaniyar asibiti a bayanta.

"Bar wasa. Kin gane shi?"

"Sunan maganin kusan ɗaya ne da namu, ko da Faransanci. Na ƙaiƙayi da atishawa ne asalinsa. Mata ke sha don ƙiba, muna ta fama da su. Yana sa ci, yana kuma sa barci mai nauyi. Motar da ke jiki gargaɗi ne, wai kar a yi tuƙi in an sha."

"Yana maganin rashin natsuwa?"

"Ko kaɗan. Kwantar da yaro kawai yake. Yaron da barci ya danne ai dole ya zauna. Wa ke sha?"

"Yarinyar da na ba ki labari. Tsaya in karanta miki wani."

Ta karɓi ledar asibitin, ta karanto sunan baƙi ɗaya-ɗaya.

Rebeka ta daina dariya.

"Wannan daidai ne, likitoci na bayarwa in na farko bai karɓi yaro ba. Shi kaɗai, da lura, lafiya lau. Amma yana sa barci, yana kuma sassauta bugun zuciya. Yaya, ba dai tare take shan su ba?"

"Kwana goma."

Salmatu ta ɗago kai a karon farko.

"Tare da me?"

*

Malama ta shimfiɗa ɗankwalin a tsakiyar tabarma, ta ture tattasai gefe. Ta ajiye kwalbar a dama, ledar asibiti a hagu, wayar a tsakiya a buɗe yadda kowa zai ji, aka yi sa'a wannan karon layin bai saki ba. Salmatu ta tsuguna can nesa, bakin inuwa, rabin jikinta a rana.

Inna ta dubi ledar. Ta daɗe tana dubanta.

"Wanga fa?"

"Inna, zan yi magana, ki bar ni in kai ƙarshe, sannan ki yi mini faɗa in kin ga dama. Mutum biyu ne a gidan nan suka ga yarinya na wahala. Kowacce ta tashi ta nemo magani, a mako ɗaya. Kowacce ta ɓoye wa 'yar'uwarta. Kowacce kuma tana ganin nata ne ya yi aiki."

Inna ta juya a hankali ta fuskanci surukarta.

"Salmatu."

"Na'am, Inna."

"Ke kika kai ta?"

Salmatu ta dubi ƙasa.

"Ina ƙetare ina cin tuwon suna, ke kina Katsina da ɗiyata?"

"Babansu ne ya ce..."

"Babansu ni na haife shi. Shekara takwas ina yabonki a dangi, ina cewa surukata ko kallon ɗiyar fari ba ta yi. Ashe ta bayan madafi ake kallo."

"Ki yi haƙuri, Inna."

"Ƙwayar da ta mayar da ita ƙashi da rai, ita kika sake ɗauko mini?"

"Ba ita ba ce, Mama," in ji Rebeka daga cikin waya. "Ina wuni. Wannan daban ne. Kuma don Allah kada a zubar da shi a masai, ba a tsayar da shi farat ɗaya. Likita ne zai faɗi yadda za a yi."

Inna ta harari wayar.

"Wa ya kai mata labarin masai?"

"Ni ce," in ji Malama. "Laifina ne wannan."

"To ke likitar waya, nawa siron mi ya yi? Ba ga ɗiya ta yi kumatu ba?"

"Ta yi, Mama, ba ƙarya kika yi ba. Amma natsuwar da kike gani barci ne. Naki na sa barci, na likita na sa barci. In suka haɗu a cikin yaro ƙarami, abin na iya wuce barci. Shi ya sa nake so in san abu ɗaya. Yau me ta sha, kuma ƙarfe nawa?"



Malama ta juya wajen Salmatu, ta yi mata magana yadda take yi wa ɗalibar da ta san amsa amma tana tsoro.

"Naki sai dare, ko? Na jiya ne na ƙarshe."

Salmatu ta warware takardar likita. Ta nuna wani layi da yatsa.

"Ya rubuta, in an kwana goma a ƙara rabi da rana. Yau ne goma."

"Karanta mini layin duka," in ji Rebeka.

Malama ta karɓa ta karanta. A ƙarshen layin, da ƙananan baƙi, likita ya ƙara: in barci bai yi yawa ba.

"Na gani," in ji Salmatu. "Amma ban san yawansa ba. A ɗakin Inna take yi. Ban iya tambaya."

"Kin ba ta?"

"Da ta kawo kwanon rana."

Malama ta juya ɗaya gefen.

"Inna, naki cokali guda da safe. Shi ke nan na yau?"

Inna ta ɗauki tattasai ɗaya, ta murza shi a yatsu har ya farfashe. Faɗan ya fita daga fuskarta.

"Rabe ya yi waya da hantsi. Ya ce ya taso daga Maraɗi, in duwan, 'yan kwastan can, ba su riƙe shi ba zai yi la'asar a gida."

"To?"

"Na ce bari shi tarar da ita shar, a zaune, kamar ɗiyar mutane. Shi gani da idonshi, shi bar zancen asibiti."

"Kin ƙara mata."

"Bayan ta ci abinci."

"Cokali nawa, Mama?" in ji Rebeka.

"Biyu."

"Wane cokali? Na cikin kwalin?"

"Wancan ɗan ƙaramin ya ɓace tun tuni. Na shan kunu."

 Daga masallacin unguwa aka fara kiran la'asar.

"Yaya, tun ƙarfe nawa take barci?"

Malama ta dubi Inna.

"Tun biyu saura."

"Ku je ku tashe ta yanzu. Ki sa yatsu biyu a wuyan hannunta ki ƙirga mini bugun na minti ɗaya. In ta tashi ta yi magana, da sauƙi, amma duk da haka a kai ta asibiti yau, da kwalbar da ledar. In ba ta tashi ba, kada ku tsaya jiran kowa."

Inna ce ta fara shiga, ba ta ko dafa gwiwa ba. Malama na biye. Salmatu ta tsaya a bakin ƙofa, inda ta saba tsayawa, ƙafarta ba ta ƙetare dokin ƙofar ba.

Mutmainna na kwance a gadon Inna, ko rigar makaranta ba ta cire ba. Takalmi ɗaya a ƙafa. Duk zafin nan, tafin hannunta da sanyi.

"Ƙawata," in ji Inna, tana bubbuga ƙafarta. "Tashi, babanki na hanya. Ya ce ya sayo miki burodin Maraɗi."

Ba ta motsa ba.

"Ƙawata. Ke, sarkin ɓarna. Tashi ki hau katanga, na yarda."

Malama ta zauna a bakin gado, ta kama hannun, ta sa ido a agogon waya ta fara ƙirge. Ƙirjin yarinyar na ɗagawa yana sauka, a hankali ƙwarai.

Sai ta ji an ture ta gefe kaɗan.

Salmatu ce. Ta shigo ɗakin, ta durƙusa a gaban gadon, ta tallafo kan yarinyar da hannu biyu a gaban surukarta.

"Mutmainna."

Sunan ya fito mata a karkace, kamar kalmar wani harshe. Shekara takwas bai taɓa bi ta bakinta ba.

Malama ta saci kallon Inna, tana jiran abin da za ta ce.

Inna ta ja da baya, ta ba ta wuri.

"Sake kira," ta ce. "Ɗaga murya. Ke za ta ji."

A bakin lungu wata babbar mota ta yi hon sau biyu, ta tsaya.

"Yaya, minti ya cika," in ji Rebeka. "Nawa kika samu?"

Abin da Malama ta samu ya yi kaɗan, ba ta yarda da shi ba. Ta gyara yatsunta a wuyan hannun, ta soma ƙirgen daga farko.